Aikin Hunturu a Kan Jirgin Filafili Kafin Ƙetare Tekun Atlantika

Masu son ƙetare Atlantika daga Ingila, Holan ko Jamus sukan bar gida a watan Yuni ko Yuli, su ratsa mashigin Biskay, su sauka tsibiran Kanari. Can suke jira har ƙarshen Nuwamba, lokacin da guguwar Karibiyan ta lafa. Ayarin jiragen filafili na ARC, wanda Jimmy Cornell ya kafa a 1986, yana tashi daga Las Palmas da ke Kanari zuwa tsibirin Sent Lusiya a Karibiyan, tafiyar mil na teku kusan 2,700, mako uku ko ƙasa da haka kaɗan. Babu tasha a hanya, babu bakanike. Duk gyaran da za a yi, a hunturun da ya gabata ake yin sa, jirgin na zaune kan ƙafafun ƙarfe a tudu.

Makon farko bayan an fito da jirgi daga ruwa na bincike ne. Kada ka fara da fenti ko labule. Fara da abin da zai iya nutsar da jirgi, sannan abin da sai an yi odarsa, domin masu ɗinkin filafili da masu haɗa wayoyin jigo, wato doguwar sandar da ke ɗauke da filafili, layinsu yakan cika tun kafin Maris.

Tun jirgin na rataye a majanyin injin ɗagawa, tsaya ka dubi mahaɗar jikinsa da katon nauyin dalma ko ƙarfen da ke ƙasa, wanda ke hana shi kifewa. Idan tsaga ta buɗe da aka ɗaga shi, ta rufe da aka ajiye, ko ruwan tsatsa na gangarowa daga wurin, kusoshin sun yi sako-sako ko sun ci. Ɗaga katakan ƙasa na ciki ka duba notinansu da faibar da ke kewaye. Wannan nauyin ne ya cire daga jirgin Cheeki Rafiki a watan Mayun 2014, ya kife a tsakiyar Atlantika, mutum huɗu suka rasu. Jirgin da ya taɓa bugun dutse ko yashi da ƙarfi, a kira masani ya duba shi, ko da ido bai ga komai ba.

Allon da ke juya jirgi yawanci faiba ne a waje, soso mai tauri a ciki. Ruwa na shiga ta gefen sandarsa, in sanyi ya daskarar da shi sai ya kumbura ya tsaga allon. Huda ƙaramin rami a can ƙasa da bakin mashin mai milimita 4 ko 5. In ruwa mai launin tsatsa ya tsiyayo, ƙarafan ciki sun fara lalacewa, sai an buɗe. In fari ne, bar shi ya tsane duk hunturu, ka toshe da gam mai ƙarfi na ifoksi in gari ya yi ɗumi.

Sai bawul-bawul ɗin da ke kan kowane rami a ƙasan jirgi: na inji, na bayan gida, na wurin wanke-wanke. Ƙirga su, ka zana taswirarsu. Kankare kowanne da wuƙa kaɗan. In launinsa ruwan ɗorawa ne mai haske, lafiya ne. In ya fito ja-ja kamar cikin gwaiba, ruwan gishiri ya cinye tutiyar da ke cikin tagullar, abin da ya rage zai iya karyewa a hannunka. Canza shi da na haɗin jan ƙarfe da kuza, ko na roba mai ƙarfi da aka yi don teku. Kowane tiyo a ƙasan layin ruwa kilif biyu ake sa masa, a kuma ɗaure turken katako mai tsini daidai girman ramin a gefensa, don toshe ramin in ruwa ya ɓalle.

Inji kuwa, a juye baƙin mansa da filta tun kafin a ajiye shi, yana da ɗumi, domin tsohon mai na ɗauke da asid da ke cin ƙarfe cikin watannin zama. Zuba ruwan hana daskarewa ta hanyar da ruwan teku ke bi, ka kunna har ya fito ta salansa, sannan ka zare 'yar farfelar robar famfo, don in ta kwana a lanƙwashe fukafukanta kan tsage. Cika tankin dizal: tankin da ke rabi yana zufa daga ciki, ruwan ya kwanta a ƙasa, ƙwayoyin cuta su yi baƙar yauƙi a kai. A tashar ruwa ba za ka sani ba, sai igiyar ruwa ta girgiza tankin, filta ta toshe, inji ya mutu a bakin mashiga. Tanadi filtar dizal aƙalla biyar, farfelar roba uku, da bel biyu.

A sauke jigo ƙasa. Wayoyin da ke riƙe da shi, in sun kai shekara goma, a canza su duka, kamfanonin inshora da yawa ma haka suke nema. Ƙarfen nan da ake cewa ba ya tsatsa yakan ruɓe a ɓoye, inda iska ba ta shiga: cikin bakin da aka matse wayar, da farantan da ake ɗaura wayoyin a kansu, waɗanda suka ratsa daɓen jirgi. Zare aƙalla biyu daga farantan ka duba da madubin ƙara girma. Sili ɗaya da ya tsinke ya isa a jefar da wayar gaba ɗaya.

Filafilai a wanke da ruwan daɗi, a shanya, a kai wa maɗinki. Karce zaren da farce, in ya tsinke rana ta ƙone shi. Iskar wannan hanya daga bayan jirgi take zuwa, don haka babban filafili zai kwana ya wuni yana gugar sandunan jigo; a manna faci a wuraren, a kuma ƙara layi na uku na rage faɗinsa.

Batir mai caji ba ya daskarewa da wuri, wanda ya sauka shi ke fashewa. Cikakke yakan nuna bolt 12.7, in ya sauko 12.2 rabi ya tafi. Duba kowane wata.

Kwalekwalen ceto na roba ana kai shi sabis galibi duk shekara uku, kai shi tun Janairu. Duba ranar ƙarewar batirin na'urar kiran agaji ta EPIRB da ta rokokin haske, ka hura rigunan ceto da famfo su kwana, wadda ta saki iska da safe a canza ta. Ruwan sha a lissafa lita uku ga kowane mutum kullum, na kwana talatin, kuma sulusinsa ya kasance cikin jarkoki daban, ko da tanki ya yoye ko injin tace ruwan teku ya tsaya. Ga mutum huɗu, lita 360 ke nan, 120 a jarkoki.