Shawara ga malamai masu tura darasi ta waya

Salamu alaikum malamai 'yan uwana. Ni ina koyar da lissafi a wata sakandare nan Gusau, kuma na jima ina ɗaukar darasi a bidiyo ina tura ma ɗalibai na, to ga abin da na gano.

Don Allah kar bidiyo ya wuce minti 5. Da farko minti 30 nake yi, yara suka ce data ba ta isa, wasu ma wayar babansu ce sai dare take dawowa gida. Yanzu tambaya ɗaya tal nake warwarewa, irin na WAEC ko NECO, in jingina wayar a kan littattafai ta kalli takarda, hannuna kawai ake gani da biro, kuma da safe nake yi kusa da taga don haske, kafin 'yan acaɓa su cika titi da ƙara.

In ka tura ta WhatsApp yana matse bidiyon har rubutu ya dushe, to tura shi a matsayin dokumen, sai dai zai fi nauyi.

Abin da ya fi taimaka mana shi ne Xender, wato manhajar tura bidiyo daga waya zuwa waya in suna kusa da juna. Lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara a 2021 da shi muka lallaɓa, ba ya cin data ko kaɗan, yaro ɗaya ya karɓa ya raba ma goma. Kuma ku roƙi iyaye izini kafin fuskar yaro ta shiga bidiyo, musamman 'yan mata.