Kurakuran da ake yawan yi wajen sauka da laima, da yadda ake kauce wa karo a sama

Yawancin mutane da ka ce musu wasan dirowa daga jirgi da laima, tambayar farko ita ce "to in laimar ta ƙi buɗewa fa?" Alhali kayan yanzu sun inganta sosai, akwai laima ta biyu ta ko-ta-kwana goye a bayanka, ga kuma 'yar na'ura irin Cypres ko Vigil da ke buɗe ta da kanta in ka kusa ƙasa kana ta gudu baka ja komai ba. A 2023 ƙungiyar masu dira da laima ta Amurka, USPA, ta ƙiyasta dira kusan miliyan 3.65, mutum 10 suka rasu. Abinda ke damuna shi ne cikin masu rasuwa da masu karyewa duk shekara, da yawansu laimarsu ta buɗe lafiya lau, babu abinda ya same ta, a ƙafa 1,000 na ƙarshe ne mutum ya yanke shawarar da ta kai shi asibiti.

Babban kuskuren, wanda ya fi cin mutane, shi ne shan kwana a kusa da ƙasa. Ita laimar zamani mai kusurwa huɗu fuffuke ce, tafiya take gaba, kuma da igiyoyin burki biyu ake sarrafa ta, ɗaya a hannun dama ɗaya a hagu. In ka fizgi ɗaya da ƙarfi laimar za ta sunkuya ta nufi ƙasa, kai kuma ta wurga ka gefe kamar wanda ke kan lilo, gudun faɗuwarka ya ƙaru, kuma sai ta samu sarari kafin ta dawo saman kanka. A ƙafa 2,000 wannan ba komai bane. A ƙafa 80 kuwa kai da laimar tare zaku isa ƙasa, ƙugu da cinya ne ke fara bugawa.

Me ke sa mutum mai hankali yin haka? Galibi abu biyu. Ko dai an cusa masa a kai cewa dole ya sauka yana fuskantar iska, sai ya ga iskar na bayansa ya ce bari in juya da sauri, ko kuma sai da ya zo dab sannan ya hango katanga ko mota ko wani mutum a gabansa. Toh ga yadda ake koyarwa a jere, kuma jerin nan a haddace shi: na farko laima ta kasance a miƙe daidai saman kai tana tafiya sak, na biyu ka sauka a fili da babu cikas, na uku in ka zo taɓa ƙasa ka ja burki biyun tare aƙalla zuwa rabi, sannan ka shirya faɗuwa irin ta sojan laima, ƙafafu a haɗe, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ka mirgina ta gefe. Fuskantar iska duk bayan waɗannan take zuwa. Wanda ya sauka iska na bayansa zai sha ƙura, ƙila ya goge gwiwa ko ya yaga wando, amma zai tashi ya naɗe kayansa. In kuma dole sai ka kauce wa wani abu, akwai kwanar da ake yi cikin burki, ka ja duka biyun zuwa rabi sai ka ɗan ƙara ɗaya ko ka ɗan sassauta ɗayan, laimar za ta juya a hankali ba tare da ta sunkuya ba. Wannan fa a sama ake koyonsa, sau da yawa, har hannu ya saba, don ranar da kake bukatarsa babu lokacin tunani.

Sai jinkirin yanke shawara. Jirgi ya sauke ku nesa, ko iskar sama ta kwashe ka, kana kallon filin sauka can kana cewa zan kai, zan kai, saboda kunyar a ce sai da aka je da mota aka ɗauko ka daga gonar wani. Ka'idar ita ce kafin ka sauko ƙasa da ƙafa 2,000 ka riga ka san inda zaka sauka, in filin gida ba zai yiwu ba ka zaɓi wani. Akwai dabarar gane hakan: ka kafe ido gaba, wurin da kaga yana yin ƙasa yana shigewa ƙarƙashinka zaka wuce shi, wanda kaga yana yin sama ba zaka kai ba, wanda ya tsaya cak bai motsi nan ne ƙafarka za ta taɓa. In filin yana yin sama a idonka, shikenan, haƙura. Zaɓi fili mai faɗi ka nufi tsakiyarsa. Wayar wuta ba a ganinta daga sama sai an zo kanta, don haka turakun ake nema, kuma duk inda kaga titi ko gida ka ɗauka akwai waya a wurin. Bayan dogon gini ko jerin bishiyoyi iska na hargitsewa har nisan da ya ninka tsayin abin sau 10 zuwa 20, tana iya naɗe gefen laima. A wurare masu zafi irin Eloy a jihar Arizona kuma guguwa ce abin tsoro da rana tsaka, in ka hango ƙura na juyawa ka yi nesa da ita tun kana sama. Kuma kar ka kafe ido kan abinda kake tsoro, hannu na bin ido ne, kalli sararin da kake so.

Yanzu batun karo, wanda ni a ganina ya fi muni don shi kuskuren mutum ɗaya ne ke kashe biyu. Roger Nelson, wanda ya kafa cibiyar dira da laima ta Skydive Chicago a Amurka, mutum mai dubban dira, karon laima ne ya yi ajalinsa a 2003. Kenan gogewa bata hana.

Wuri biyu ne aka fi yin karo. Na farko daidai lokacin buɗewa. In kun diro a ƙungiya baku rabu da wuri ba, ko wani ya yi ragwancin nisanta kansa, sai laimomi biyu su buɗe kusa da juna, kuma laima ba kullum take buɗewa tana kallon inda kake so ba. Ƙaramar ƙungiya ana so su watse aƙalla ƙafa 1,500 sama da inda za a buɗe, mutum shida ko fiye kuma 2,000. Kafin ka ja laimar, ka kaɗa hannu alamar zaka buɗe, ka duba sama da ƙasa. Laima na buɗewa hannunka ya tafi kan madaurin baya, wato waɗanda suka haɗa kafaɗunka da igiyoyin bayan laimar, ido a waje, don da shi zaka iya juyawa tun kafin ka kwance igiyoyin burki, waɗanda a ɗaure suke lokacin buɗewa. Sabbin shiga da yawa nan suke sunkuyar da kai suna gyaran madaurin ƙirji ko taɓa kyamara, daƙiƙa goma basu kalli kowa ba, wallahi abin na ban tsoro. Kuma kar ka bi layin da jirgin ya bi, akwai waɗanda suka fito bayanka suna nan tafe ta wurin.

Na biyu shi ne layin shiga fili, inda kowa ke taruwa. Tsarin da aka saba kusan haka yake: a ƙafa 1,000 ka bi iska, a 600 ka sha kwana ka ratsa ta, a 300 ka juyo ka miƙe zuwa ƙasa. Kowane fili na da ka'idarsa ko ta hagu ake juyawa ko ta dama, da kuma ta inda ake sauka, tambaya ake tun kafin a hau jirgi. Matsalar tana zuwa ne in wani ya shigo ta hagu wani ta dama su haɗu a tsakiya, ko ranar da iska bata da ƙarfi tutar iska na ta waige-waige kowa ya bi son ransa. Ranar irin wannan a tsayar da gefe ɗaya tun a ƙasa kowa ya bi. Sai masu murɗa laima suna juyi suna ratsowa ta cikin mutane don su riga kowa sauka, da masu lanƙwasa hagu da dama a layin ƙarshe na miƙewa zuwa ƙasa don sun ga zasu wuce fili, na bayansu bai san ina suka dosa ba. In kaga zaka wuce, wuce ɗin, ka taka da ƙafa ka dawo. Masu ƙananan laimomi da ke shigowa da mugun gudu kuma a ware musu gefensu ko lokacinsu daban.

Wanda ke ƙasa shi ke da hanya don baya ganin na samansa. In kun fuskanci juna gaba da gaba kowa ya yi dama. Kafin kowace kwana ka waiga ka duba gefen da ƙasansa, sannan hannu ya motsa. Tun a sama ka ƙirga laimomin da kuka fito tare, in kun fito ku 14 kana ganin 11, sauran suna inda baka gani, nemo su.

In karon ya riga ya zama dole, ka yi ƙoƙari kar jiki ya bugi jiki, ka kare fuska, ka kuma kare mariƙan da ake ja a saki babbar laima ko a buɗe ta ko-ta-kwana, ka ware ƙafafu don kar ka shige tsakanin igiyoyi. In kun sarƙe, duba tsayi, ku yi magana da ƙarfi a fili kafin wani ya saki babbar laimarsa ta rabu da jikinsa, don sakin da ba a yi shawara ba na iya ƙara naɗe ɗan'uwanka. Ƙasa da ƙafa 1,000 sakin babbar laima ya makara, abinda ya rage shi ne a fitar da ta ko-ta-kwana a samu ƙarin yadi a saman kai.

Gaggawar komawa ƙaramar laima ma na cikin tushen duk wannan, don ƙarama ta fi gudu, ta fi sunkuyawa, lokacin gyara kuskure ya ragu. Kar ka rage girma sai ka iya sauke wadda kake da ita a iskar gefe, da ranar da babu iska, da kwanar burki, malaminka ya gani da idonsa ya yarda. Bayan ka taɓa ƙasa kuma ka kwantar da laimar nan take, ka juya ka kalli sama kafin ka fara tafiya, saura na nan shigowa ta inda ka tsaya.