Yadda ake cike takardar kuɗin wankin ciwo don inshora ta biya

Kafin ka rubuta ko naira ɗaya, duba katin majinyaci ka ga tsarin da yake kai: na hukumar inshorar lafiya ta tarayya wato NHIA, ko FHIS, tsarin inshorar lafiya na mazauna Abuja, ko kuwa wani HMO mai zaman kansa, wato kamfanin da ke gudanar da inshorar lafiya yana biyan asibitoci. Kowanne da jadawalin farashinsa, kuma da shi za ka yi lissafi, ba da farashin kantin maganin asibitinku ba.

A tsarin NHIA, ƙananan ayyuka irin su ɗinke yanka da wanke ɗan rauni suna matakin farko na kula da lafiya ne. Kuɗinsu na cikin abin da ake biyan asibiti duk wata a kan kowane mai rajista, saboda haka ba a aika musu da takarda daban. Wanda ya aika ya ɓata tawadarsa. Ciwon da ya kai mataki na biyu, kamar ƙuna mai faɗi ko gyambon mai ciwon suga da sai an kankare mataccen nama, shi ake biya aiki-aiki, amma sai an karɓi lambar izini daga HMO kafin a fara. Idan izinin na wanki biyar ne, na shida yana buƙatar sabo. Raunin da aka ji a bakin aiki kuwa ba nan ne gidansa ba, yana ƙarƙashin dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 da asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, NSITF, ke kula da ita.

Sai lambar cuta, daga ICD-10, kundin lambobin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya. Yankan yatsar hannu da bai taɓa farce ba S61.0 ne, in ya taɓa S61.1. Raunin gwiwa, irin wanda 'yan acaɓar Nyanya da Kubwa kan zo da shi, S81.0. Gyambon ƙafa L97, gyambon kwanciya L89. Wanda aka yi wa tiyata ya dawo canjin bandeji ko cire zare, Z48.0, amma da zarar wurin ya fara fitar da mugunya lambar ta koma T81.4. A guji T14.1 matuƙar an san inda raunin yake, domin ma'anarta rauni a wani sashen jiki da ba a fayyace ba, kuma mai tantance takardu yana ganinta zai fara tambaya. Lambobin nan masu farawa da A6 da ake gani a intanet na kayan ɗaurin ciwo ne a tsarin Amurka, kada a kwafo su.

Inda aka fi yin asara shi ne fayil ɗin majinyaci. Nas ta wanke ciwo tsaf, ta rubuta “an wanke ciwo”, ta sa hannu. Wannan bai isa hujja ba. Abin da ake so shi ne kwanan wata, wurin ciwon, tsawo da faɗinsa da santimita, yanayin ruwan da yake fitarwa, sannan kayan da aka yi amfani da su da adadinsu: gozi (ƙyallen rufe ciwo) mai santimita 10 sau 10 guda 6, safar hannu ta tiyata haɗi 1, bandeji mai inci 4 nadi 1. Girman ciwon ne ke kare yawan kayan. Gozi 20 a kan yanka mai santimita 3, ba wanda zai yarda.

A kula da ma'auni. Idan jadawali ya sa farashin gozi a kan ƙunshi, kai kuma ka ƙirga ɗaya-ɗaya, lissafin zai kumbura a dawo da takardar. Haka robar ruwan gishiri mai mililita 500: ba a rubuta ta cikakka wa mutum uku da aka raba wa ita.

Karanta layin wankin ciwo a jadawalin da kyau. Sau da yawa kuɗin ya haɗa da auduga, aidin da filasta, wanda ya sake jera su a ƙasa ya caji sau biyu, kuma za a zabge. Kowane zuwa ya samu layinsa da ranarsa, ranar ta dace da ta fayil, ta kuma faɗa cikin lokacin izinin. Kashi 10 cikin 100 da mai rajistar NHIA ke biya na magani ne, ba a karɓarsa a kan aikin wankin.

A tura takardu cikin wa'adin da ke rubuce a yarjejeniyarku da HMO, a ajiye kwafi tare da lambar izinin. In an zabge wani abu, a nemi dalili a rubuce, a haɗa da shafin fayil na wannan rana a mayar.