Yadda Ake Ɗaga Kujerar Baya ta Motar A-kori-kura Domin Sanya Wufa a Ƙarƙashinta

Motar a-kori-kura mai ƙofa huɗu ba ta da but irin na ƙananan motoci, don haka duk mai son ƙara wufa, wato babbar sifikar da ke fitar da sauti mai kauri, ƙarƙashin kujerar baya ne kusan kaɗai wurin da ya rage masa. A Amurka, inda ake yawan hawa Ford F-150 da Chevrolet Silverado da Ram 1500 da Toyota Tundra, aikin ya zama ruwan dare har ana sayar da ƙarafan ɗaga kujera da aka ƙera wa kowace mota nata. Abin da ya kamata mai mota ya riƙe tun farko shi ne, kujera da notunanta kayan kare rai ne, saboda haka ɗagawar ta tsaya a iya abin da akwatin da za a sa wufar a ciki ke bukata.

Awo ne farkon aiki, kuma sau da yawa shi ke nuna cewa ba sai an taɓa kujerar ba. A ɗaga mazaunin, a auna tsayi daga daɓen mota zuwa ƙarfen kujera ta gaba da ta baya, domin daɓen ba shimfiɗaɗɗe ba ne, sannan a yanka kwali a siffar akwatin da ake so, a tura shi wurin, a sauke kujera, mutum mai nauyi ya zauna a ga ko soson zai taɓa shi. Akwai wufofi marasa zurfi da aka yi musamman domin irin wannan matsatsin wuri. JL Audio 10TW3, alal misali, zurfinta inci 3.25 ne, kuma rufaffen akwati mai cin kusan lita 14 ya ishe ta. Mai Toyota Hilux ya ƙara kula da awon, domin wurin da ke ƙarƙashin kujerarta bai kai na waɗancan manyan motocin Amurka ba.

Idan awo ya nuna wurin ya gaza, sai a yi lissafin abin da ɗagawa za ta ƙara. Akwatin da faɗin cikinsa santimita 120 ne, kuma daga gaba zuwa baya santimita 30, in aka ƙara masa tsayin santimita 5, wato kusan inci 2, ya samu ƙarin lita 18 ke nan, abin da ya zarce bukatar wufa guda mara zurfi. Wannan ne ya sa nake ganin inci ɗaya da rabi zuwa biyu ya wadatar a yawancin motoci. Abin da ya haura haka yana kai kan dogon fasinja kusa da rufi, yana barin ƙafafun gajere suna lilo, kuma yana ƙara wa notuna wahala.

Kafin a sa sifana, a cire wayar batir ta gefen da ke da alamar ragi, a dakata wasu mintuna, domin akwai motocin da wayoyin jakar iska, wadda ke kumbura ta kare mutum a lokacin haɗari, ko na ɗumama kujera suka ratsa ta wurin, kuma mahaɗin wayar jakar iska galibi ruwan ɗorawa ne. A ɗauki hoton kowane noti da kowace waya tun ba a kwance ba. Kujerar tana da nauyi da faɗi, don haka mutum biyu ne za su fito da ita, kada ƙarfenta ya karce ƙofa.

Abin da za a ɗora kujerar a kai shi ne zuciyar aikin. Ƙa'idar Amurka mai lamba FMVSS 207 ta wajabta cewa kujerar mota ta jure ƙarfin da ya ninka nauyinta sau 20, ko ta gaba ko ta baya, ma'ana kujera mai kilo 30 sai ta jure jan da ya kai na kilo 600 ba tare da ta tsinke daga daɓe ba. Da zarar an ɗaga ta, noti ya ƙara tsawo, kuma dogon noti ya fi gajere saurin lanƙwashewa, kamar yadda doguwar sanda ta fi saurin karyewa in an danne bakinta. Saboda haka katako da roba da tarin washa da aka jera bisa juna duk ba su da wuri a nan, ko da kuwa sun yi kyau a ido ranar da aka ɗaura su, domin suna lotsawa a hankali har noti ya saki. Abin da ya dace shi ne bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu kuma mai kauri, guda ɗaya da zai haɗa ramin gaba da na baya a kowace ƙafa, a kuma sa ɗan guntun bututu a cikinsa inda noti zai ratsa, don kada ɗauri ya matse shi. Idan da walda a aikin, a kai wa wanda ya ƙware, ya yi ta cikakkiya, ba ɗige-ɗige ba.

Notunan kansu a duba kawunansu da ido. Na ma'aunin milimita ana buga musu lamba, 8.8 ko 10.9, kuma 10.9 ake so. Na ma'aunin inci kuwa, mai daraja ta 8 ake so, wanda yake da 'yan layuka shida a kansa. Wanda kansa fili ne babu wata alama, a ajiye shi. Kaurinsa da zarensa su zo daidai da na asali, tsawonsa kuma ya ƙaru da daidai tsayin ƙarfen da aka sa, ta yadda zai shiga ramin iya zurfin da tsohon ke shiga. A yi amfani da ramukan da kamfani ya huda. Huda sabo a daɓe kasada ce, domin tankin mai da bututun birki da wayoyi suna kwance a ƙasan wurin. A ɗaure da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, bisa adadin da littafin gyaran motar ya faɗa.

Akwai abu biyu da ake yawan mantawa. A motoci da dama, majinginar kujera tana rataye ne a maƙalan da ke jikin bangon baya, kuma in kujera ta hau sama, ƙugiyar ba za ta ƙara kamawa ba sai an tsawaita maƙalin da ƙarfe. Majinginar da ba ta kama ba za ta kifo kan fasinja a birki mai ƙarfi. Na biyu shi ne bel. Idan makullinsa a daɓe yake ɗaure, zai nutse cikin soso, idan kuma a jikin kujera yake, to duk nauyin fasinja a lokacin haɗari kan sababbin ƙarafan zai sauka. Ko ta yaya, bayan an gama a zauna a ɗaura shi, a tabbatar ya bi ta tsakiyar kafaɗa da kan ƙashin ƙugu, bai hau wuya ko ciki ba. Mai ɗaukar yara a kujerarsu ta musamman, shawarata ita ce ya bar kujerar yadda kamfani ya yi ta, ya nemi siririyar wufa.

Akwatin kuwa a yi shi da katakon MDF, wato allon garin katako da aka matse, mai kaurin milimita 18 ko 19, a bi duk mahaɗansa da gam ta ciki don kada iska ta fita. In fuskar wufa ƙasa za ta kalla, a bar tazarar aƙalla inci ɗaya tsakaninta da daɓe, in sama za ta kalla, a tabbatar ba ta bugun soso lokacin da take motsi. A ɗaure akwatin kansa, domin akwati mai nauyi da ke sake yana iya cillowa gaba.

Wajen haɗa amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa wufa ƙarfin sauti, fiyus ya zauna kusa da batir, tazarar da ba ta wuce santimita 45 ba, wayar kuma ta ratsa bango ta cikin zoben roba. Gangar jikin F-150 tun daga ƙirar 2015 alminiyam ce, don haka mai wayarin ya kai wayar ƙasa, wato ta gefen ragi, zuwa casis, wato firam ɗin ƙarfe da gangar jikin ke zaune a kai, ko batir, sannan a raba sabon ƙarfen ɗaga kujerar da daɓen da fenti ko siririn shafi, saboda haɗuwar ƙarfe da alminiyam a wuri mai danshi tana cinye alminiyam ɗin. Bayan an mayar da batir, a duba ko fitilar jakar iska ta mutu yadda ta saba, a naɗe kujera a buɗe ta a ji ƙugiyoyinta sun kama, sannan bayan mako ɗaya ko biyu na tafiya, musamman a hanya mai gargada, a sake bin notunan da sifana ɗaya bayan ɗaya.