Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Sa wa Shago Manhaja, da Hanyar Gyara Su

Wani mai sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari ya taɓa kira na in duba masa manhajar da aka haɗa masa. Ya kashe kuɗi masu kauri, an kawo kwamfuta da na'urar buga rasit. Da na shiga shagon sai na tarar an lulluɓe kwamfutar da ƙyallen leshi kamar amarya, yaran shago kuwa suna ta rubutu a tsohon littafinsu mai baƙin bango. Na tambayi babban yaron dalili, ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai abin nan bai san turmi ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma wannan shi ne kuskuren da ya fi kowanne tsada: a haɗa manhaja ba tare da an zauna an ga yadda ake ciniki ba. Wanda ya rubuta ta ya ɗauka komai "guda" ake ƙirga shi, kamar kwalbar lemo. A shagon nan kuwa kaya suna shigowa a dila, atamfa ta fita a turmi, shadda a yanka ta a yadi. Ya kuma sa wa kowane kaya farashi ɗaya da ba ya motsi, alhali a kasuwa sai an taya, an yi albarka, an ƙara, sannan a sallama. Babu gurbin la'adar dillalin da ya kawo baƙo. Mafi muni, babu gurbin bashi. Ɗan kasuwar da ya zo daga Maraɗi ko Njamena zai ɗauki kaya, ya ba da wani abu a hannu, ya tura wani ta banki, ragowar sai ya dawo. Manhajar da ta san "an biya" da "ba a biya ba" kawai ba ta da inda za ta ajiye irin wannan mutumin, shi ne kuma ƙashin bayan shagon.

Gyaran ba ya buƙatar wata fasaha. Kafin a rubuta layi ɗaya, mai haɗa manhaja ya zo ya zauna a kan benci kwana uku, har da ranar da kasuwa ta fi cika. Ya nemi izini ya ɗauki hoton wasu shafuka na littafin shago, domin duk abin da manhajar ke buƙata yana nan a rubuce, har da 'yan alamomin da ake yi a gefe. Kada kuma ya tsaya ga bayanin Alhaji. Alhaji zai faɗa maka yadda ya kamata a yi, yaron da ke riƙe da almakashi shi zai nuna maka yadda ake yi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Maganar biya ta banki tana da ɗan ƙari. Tun ƙarancin takardun kuɗin farkon 2023, bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1000, taransifa da POS suka zama ruwan dare a kasuwanni, alat na bogi kuma ya biyo baya. Don haka manhaja ta raba "ya ce ya tura" da "kuɗi sun shiga". Kada rasit ya nuna an biya sai wani ya duba asusu ya tabbatar.

Kuskure na biyu na mai shago ne: son babban abu tun ranar farko. Ya ga manhajar banki a wayarsa, sai ya ce a yi masa irinta, da lissafin kaya, da albashi, da sayarwa ta intanet, da saƙon barka da Juma'a ga kwastomomi. Aiki ya yi nisa kuma kullum sai a ji, "Ɗan ƙara mana wannan." Haka aikin wata biyu yake zama na shekara, kowa ya ƙullaci kowa. A tambayi mai shago abu ɗaya: me ke hana ka barci? In bashi ne, a fara da bashi kaɗai. Sau da yawa ma teburin lissafi na kwamfuta irin Excel ko Google Sheets ya isa a gwada tsarin na wata guda, a ga ko mutane za su jure shigar da bayanai kullum. Abin da aka yarda za a yi a rubuta shi a takarda ɗaya, kowa ya sa hannu. Duk wani sabon sha'awa ya jira zango na gaba, da nasa kuɗin. Biya ma a raba shi zango-zango, kowane kaso sai an ga abu yana aiki a cikin shago, ba a kan kwamfutar mai haɗawa ba.

Wannan ya kawo mu ga wurin gwaji. Mai haɗa manhaja yana zaune da sabuwar kwamfuta da intanet mai ƙarfi, komai yana tafiya sumul. A cikin layin kasuwa sabis yana ɗaukewa, wuta ba tabbas, wayar yaron shago kuma ƙaramar Android ce da fasasshen gilashi, ta cika da bidiyon WhatsApp. Manhajar da ba ta buɗewa sai da intanet za ta tsaya daidai lokacin da mutum biyar ke jiran rasit. A tsara ta ta ajiye ciniki a cikin na'urar, in sabis ya dawo ta tura. Rubutun kan fuska ya zama da Hausa, maɓallai manya, kuma shigar da ciniki ɗaya kada ya fi rubuta shi da biro ɗaukar lokaci. In ya fi, biro zai ci.

Sai lokacin farawa. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma abin mamaki, masu shago sun fi matsawa a kunna sabuwar manhaja gab da azumi, wai don ta taimaka da cinikin sallah. Manyan kamfanoni ma sun faɗa wannan ramin. A 1999 kamfanin alewa na Hershey da ke Amurka ya kunna sabon tsarin kwamfuta na karɓar oda da rarraba kaya a watan Yuli, daidai lokacin da odar bikin Halowin, wanda ake rububin alewa a cikinsa, ke shigowa. Tsarin ya sarƙe, kaya suna sito amma ba a iya fitar da su, odar da ta kai kimanin dala miliyan 100 ba ta isa ga masu saye ba. Shagon atamfa ba shi da ƙarfin shanye irin wannan. A fara bayan sallah, lokacin da kasuwa ta lafa. Kafin nan a rufe yini guda a ƙirga duk abin da ke shago da sito, domin in adadin farko ya karkace, duk lissafin da zai biyo baya a karkace zai zo. A ci gaba da rubuta littafi tare da manhaja na wata ɗaya, kowane dare a haɗa su a ga inda suka saɓa.

A nan ne ake gane cewa rabin aikin na mutane ne. Yaron da ya shekara goma yana riƙe da lissafi a kansa, in aka wayi gari aka ajiye masa na'ura ba bayani, abin da zai ji shi ne an daina yarda da shi. Ba zai yi musu ba, zai ce to. Sai dai kullum a ji sabis babu, ko caji ya ƙare. Hanyar da na ga tana aiki ita ce a ɗauki wanda sauran ke jin maganarsa a sa shi cikin aikin tun farko, shi zai zaɓi sunayen kaya yadda ake kiran su a shago, shi zai koya wa sauran. A kuma nuna musu nasu amfanin: ranar da aka nemi turmi uku aka rasa, akwai abin da zai wanke su. Watan farko kada a tsawata wa kowa a kan kuskuren shigarwa, in ba haka ba za su koyi ɓoyewa.

Wanda ya fi karya tsarin, a yi mini afuwa, shi ne uban gidan kansa. Suruki ya kawo ziyara, Alhaji ya miƙa hannu ya zaro turmi biyu ya ba shi, ba wanda ya isa ya ce a rubuta. Ƙarshen wata manhaja ta nuna giɓi, a hau yara da faɗa. A shagon da na fara ba da labari sai da muka ƙara maɓalli mai suna "kyauta" da wani "na gida". Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ba hana ka za a yi ba, danna kawai za ka yi." Ya yi dariya, ya ɗauki kusan wata biyu kafin ya saba.

Akwai kuma abin da ba a tunawa sai an rabu. Sau da yawa mai haɗa manhaja da imel ɗinsa da lambar wayarsa yake buɗe komai: wurin ajiyar bayanai, adireshin intanet, asusun Google Play. Ranar da ya tafi bautar ƙasa ko ya samu aiki a Legas, shago ya zama ɗan haya a cikin gidansa. Duk waɗannan a buɗe su da sunan shago, lambobin sirri su zauna wurin mai shi, kuma a rubuta a yarjejeniya cewa za a miƙa ainihin rubutun manhajar. Kowane ma'aikaci da tasa lambar shiga, wanda ya bar aiki a rufe tasa a ranar. Sunaye da lambobin kwastomomi amana ce, kuma tun Yunin 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a da ta hau kan masu tara su.

A tambayi kuɗin wata-wata tun kafin a fara. Yawancin wuraren ajiyar bayanai da dala ake biyan su. Wanda ya yi lissafi a farkon 2023, dala tana kusan naira 460 a farashin hukuma, ya tsinci kansa a 2024 yana sayen ta sama da 1,500. Sannan a riƙa kwafe bayanai kullum zuwa wani wuri daban da shagon, saboda gobara da ɓarawo ba sa ba da sanarwa. Kowane wata uku a ɗauko kwafin a ɗora a wata na'ura a gaban mai shago, a buɗe shafin bashi, ya duba da idonsa cewa sunayen duka suna nan.