Yadda na gyara fayilolin da na haɗa da maƙalata

Na tura maƙalata tare da jadawalin kalmomin Hausa da lissafin da na yi a MATLAB, wata manhajar lissafi ta kwamfuta. Sai mai bita ya rubuto cewa duk ƙ, ɗ da ɓ sun zama alamar tambaya, kuma fayil ɗin .mat, wato na lissafin MATLAB ɗin, ya ƙi buɗuwa a Python, wani yaren shirya manhajar kwamfuta.

Laifina ne. Na adana jadawalin a CSV (tsarin ajiye jadawali a rubutu zalla) na yau da kullum a Excel, wanda ba ya riƙe haruffa masu ƙugiya. Na sake adana shi a CSV UTF-8, nau'in da ke riƙe irin waɗannan haruffa, sai haruffan suka dawo.

Shi kuwa .mat ɗin sigar 7.3 ce, wato tsarin ajiye bayanai na HDF5 ne a ciki. A cikin kayan aikin Python, scipy ba ta karanta shi amma h5py tana buɗewa. Na rubuta hakan a README, fayil ɗin da ke bayanin sauran fayilolin, na ɗora komai a Zenodo, ma'ajiyar bayanan bincike a intanet, na sa lambar DOI, wato lambar dindindin ta gano su a can, a maƙalar.