Ga mai shirin ɗaukar ƙuru a tirela

Jama'a, galibin tirelolin ɗaukar dawaki an ƙera su ne don manyan dawakai. Ƙuru, wato ƙaramin doki, kan iya shigewa ƙarƙashin ƙarfen da ke tare ƙirjin doki a cikin tirela ya maƙale, don haka a sauko da ƙarfen daidai tsayinsa, ko a toshe gurbin da katako.

A cire sirdi da linzami, ragama ta isa. Kada a ɗaure shi tamau. A bar masa igiyar da zai iya sunkuyar da kai, kuma ƙullin ya zama mai saurin kwancewa. A zuba yashi ko dusar katako a ƙasa, fitsari na sa santsi.

Ni dai da asuba nake tashi, kafin rana ta buɗe. Duk awa 3 ko 4 a tsaya a ba shi ruwa. Direba kuma, don Allah, banda birkin ba-zata.